Laburare ta ce zo, makaranta ta ce ba ta yarda ba

Duk mai karatu daga nesa a nan Amurka ya san wannan baƙin cikin. Ka tashi daga aiki a gajiye, ka hana idonka barci wata da watanni, jarrabawa na matsowa sai makaranta ta aiko maka da saƙo wai ka nemo da kanka mai sa ido da zai tsare ka yayin rubuta jarrabawar. Ban da dangi, ban da aboki. A jerin waɗanda ta amince da su kuwa, ma'aikacin laburaren gari na sahun gaba. Sai ka ce alhamdulillahi, ga ta nan kusa da gida.

Je ka gani.

Sharuɗɗan farko ba su dame ni ba. Ka zo da katin shaida mai hoto, ka nemi rana tun da wuri, wani wurin sai kana da katinsu ko kana zaune a garin. Wasu kyauta suke yi, wasu su karɓi 'yan daloli. Duk na ji. Abin da ke ƙona min rai shi ne laburare da yawa sun rubuta ƙarara a ƙa'idarsu cewa ba za su zauna su tsare ɗalibi daga farko har ƙarshe ba, sai dai su riƙa leƙowa. Fom ɗin makaranta kuma yana so mai sa ido ya sa hannu cewa idonsa bai bar kanka ba. Matar da ke kan tebur a laburarenmu ta karanta layin nan, ta ɗora yatsa a kai, ta turo min takardar a hankali tana murmushi, ta ce ita ba za ta sa hannu a kan abin da ba za ta yi ba. Gaskiyarta. To ni fa? Makaranta ta san haka laburare suke aiki, me ya sa take turo mu? Kowa ya tsare ƙa'idarsa tsaf, ɗalibi ne kawai aka bari yana yawo da takarda a hannu kamar mai neman bashi.

Sai maganar kwamfuta. Makarantu da yawa ba sa buɗe jarrabawa sai da manhajar da ke kulle allo, irin LockDown Browser ta kamfanin Respondus. Kwamfutocin laburare kuma a ɗaure suke, ba a sa musu sabuwar manhaja. Ka ce to ga tawa, wata makarantar ta ce ba da taka ba. Ko an tsallake wannan, na'urorin jama'a da agogo suke aiki. In ma'aikaci ya manta bai ƙara maka lokaci ba, kana tsakiyar amsa za ta fitar da kai ta goge komai. Ga yara a ɗakin gefe ana karanta musu labari suna tafi, ga wani bawan Allah a kujerar kusa yana faɗa da firinta. In ta takarda ce, wani wurin kai za ka kawo ambulan da kan sarki, sannan ka koma gida kana addu'ar ta isa kafin a rufe.

Tun korona ta 2020 laburare da dama suka dakatar da aikin sa idon, wasu har yau shiru. Shi ke nan aka tura mu ga kamfanonin sa ido ta kamara, inda baƙon da ba ka taɓa gani ba zai ce ka juya kwamfuta ka nuna masa ɗakinka lungu-lungu. A watan Agustan 2022 wani alƙalin tarayya a jihar Ohio ya yanke cewa irin wannan leƙen ɗaki da Jami'ar Cleveland State ta yi wa wani ɗalibi ya saɓa wa tsarin mulki. Mu da ke cunkushe da iyali a ɗan ƙaramin gida, ina ɗakin da za ka kulle kanka awa biyu ba wanda ya yi motsi? Yaro ya turo ƙofa a ce ka yi satar amsa.

Ban ga laifin ma'aikatan laburare ba, wallahi, mutum ɗaya ne a kan tebur da aikin mutum uku. Hukumomin laburare nake wa magana. Attajiri Andrew Carnegie ya ba da kuɗin gina laburare 1,689 a ƙasar nan don mai aikin ƙarfi ya samu inda zai ilimantar da kansa, yau kuma mafi yawan kuɗinsu daga harajin gari yake fitowa, musamman harajin gidaje, wanda mu 'yan haya muke biya a cikin kuɗin haya ko mun so ko mun ƙi. Ɗaki ɗaya mai ƙofa, kwamfuta ɗaya da aka ware wa jarrabawa, ma'aikaci ɗaya da yamma sau ɗaya a mako, wannan ne ya gagara? Su kuma makarantu su ɗauki waya su tambayi laburare abin da take iya yi kafin su buga fom, tunda kuɗin makaranta dai ba su taɓa mantawa su karɓa a kan lokaci ba.