Makiyayin Marlowe da budurwar da ta mayar masa da martani

A shekarar 1600 aka buga wani kundin waƙoƙi a Landan mai suna England's Helicon, aka jera waƙoƙi biyu a cikinsa, ɗaya na bin ɗaya. Ta farko ta mawaƙin Ingila Christopher Marlowe ce, inda wani makiyayi ke roƙon budurwa ta zo su zauna tare. Ta biyu, wadda ake dangantawa da Walter Raleigh, mawaƙi kuma bafaden Sarauniyar Ingila, amsar budurwar ce. A ganina duk malamin adabin da ya karantar da ɗaya ya bar ɗaya ya tauye wa ɗalibansa haƙƙi.

Makiyayin Marlowe gwanin zance ne. Cikin baiti 6 kacal ya shimfiɗa mata gadon furanni, ya yi alkawarin riga ta lallausan gashin tumaki, da takalma masu maɓallan zinare, da ɗamara mai ado da murjani, ga samari za su riƙa yi mata rawa da waƙa kowace safiya a watan Mayu, lokacin da sanyin Ingila ya kau. Waƙar tana da zaƙi ƙwarai, kuma ina son ta har zuciya. Sai dai mai lura zai ga bai ambaci aure ba, bai ambaci hunturu ba, bai kuma faɗi inda makiyayi zai samo zinare ba. Marlowe ɗan mai ɗinkin takalma ne daga Canterbury, wanda ya yi karatu a Cambridge. Ya san kuɗin takalmi sarai. Da gangan ya gina duniyar da ba a biyan komai a cikinta.

Ita kuwa budurwar ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki ma'aunin waƙarsa da yawan baitocinsa, ta bi kayan nan ɗaya bayan ɗaya. Rigar za ta tsufa, furen zai bushe, koguna za su yi ambaliya, sanyi zai kora tumaki garke, tsuntsun da ke rera waƙa zai yi shiru. Ta kuma faɗa masa cewa baki kan zama zuma alhali zuciya maɗaci ce. Armashin amsar yana nan: ba ta kawo komai daga waje ba, da kayansa ta auna shi.

Inda nake saɓa wa masu karatu da yawa shi ne cewa da suke yi budurwar ta kunyata shi, wai hankali ya kayar da soyayya. Su sake duba yadda ta buɗe da yadda ta rufe. Da "in da" ta fara: in da duniya da ƙauna ba sa tsufa, in da kowane makiyayi gaskiya yake faɗa. A baitin ƙarshe ta ce in da ƙuruciya na ɗorewa, in da tsufa ba ya zuwa da buƙata, da ta amsa kiransa. Wannan ba maganar wadda ta raina so ba ce. Tana so, amma ta san akwai gobe, ta kuma san wanda zai kwana a ciki idan romon baka ya ƙare.

Tarihin Raleigh ma ya goyi bayan wannan fahimta. A 1592 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta tsare shi a Hasumiyar Landan saboda ya auri ɗaya daga cikin matan fadarta, Elizabeth Throckmorton, a asirce. Mutumin da ya sayar da matsayinsa a fada saboda mace ba za a koya masa darajar so ba.

Marlowe bai samu ya rama ba, don an kashe shi a Deptford, kusa da Landan, a 1593 yana da shekara 29, kafin a buga kundin. Wani mawaƙin Ingila, John Donne, shi ne ya ci gaba da muhawarar, ya ari buɗin waƙar ya kai masoyan bakin kogi, inda budurwar ba ta buƙatar ƙugiya, kifaye da kansu suke rububin zuwa gare ta. A wurinsa mai zawarcin ne ya faɗa tarko, kuma ya yaba wa kifin da ya tsira da cewa ya fi shi wayo.