Zuwa ga ƙannena masu situdiyo: ku zo mu yi maganar Stockhausen

Assalamu alaikum ƙannena masu haɗa kiɗa a kwamfuta.

Kwanan baya na raka wani yaron unguwarmu situdiyo, zai sa murya a tallar shagon yayansa. Ɗaki ne ɗan ƙarami, an manna kwalin ƙwai a bango, fanka tana kaɗa zafi. Mai situdiyon ba zai wuce shekara 22 ba. Ya buɗe manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, ya shiga jerin sautukan da suka zo da manhajar, yana latsawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen atamfa a Kwari: wannan bai yi ba, wannan ma bai yi ba. Da na gaji da zama sai na nuna wani ɗan maɓalli a gefen allon na ce, "Ƙanena, wannan me yake yi wa sauti?" Ya ce, "Wallahi yaya ban taɓa murɗa shi ba." Bai rufe baki ba ya ɗora da cewa ai matsalarsu kayan aiki ce, da yana da irin makirfon da Turawa ke da shi, da an ga aiki.

Ba fatawa na zo yi a kan kiɗa ba, wannan fagen malamai ne. Magana ce da waɗanda suka riga suka riƙi abin sana'a, kuma zan yi ta ne da labarin wani Bajamushe mai tsara kiɗa, Karlheinz Stockhausen, ɗaya daga cikin mutanen da suka share hanyar da kuke bi kullum ba ku san wanda ya sare dajin ba.

An haife shi ranar 22 ga Agusta 1928 a Mödrath, kusa da birnin Kolon. Iyayenmu masu sauraron Muryar Jamus sun san sunan Kolon, don daga can ake watso musu shiri kafin tashar ta koma Bonn a 2003. Mahaifinsa malamin makaranta ne. Mahaifiyarsa tana kaɗa fiyano tana waƙa, amma ta samu taɓin hankali, aka kai ta asibiti a 1932 yana ɗan shekara huɗu. Ba ta dawo gida ba. A 1941 gwamnatin Nazi ta kashe ta a garin Hadamar, cikin shirinta na hallaka marasa lafiyar da ta ce nauyi ne a kan ƙasa. Uban ya tafi yaƙi, shi ma bai dawo ba. Shi kuwa yaron, yana da shekara 16 aka tura shi asibitin soja a Bedburg yana ɗaukar waɗanda suka ji rauni a kan gadon ɗauka. Daga baya ya ba da labarin sojojin da bam ya ƙone wa fuska, yadda yake laluben inda bakinsu yake don ya zura musu tsinken shan ruwa. Yaƙi ya ƙare a 1945 yana maraya gaba da baya.

Ban kawo wannan don in ce wahalarku ba wahala ba ce. Na san kuɗin man janareta, na san yadda ake ɗauke wuta ana tsakiyar ɗaukar murya. Na kawo ne don ku ga daga inda mutumin ya taso. Tsakanin 1947 da 1951 ya yi karatu a makarantar koyon kiɗa ta Kolon, yana ciyar da kansa da kaɗa fiyano da dare a wuraren shaƙatawa, har ya bi wani mai wasan rufa-ido yawon garuruwa yana yi masa kiɗa. A farkon 1952 ya tafi Faris ya zauna gaban malamin kiɗa Olivier Messiaen, ya kuma leƙa ɗakin gwajin sauti na Pierre Schaeffer. A 1953 ya dawo Kolon ya kama aiki a situdiyon kiɗan lantarki na gidan rediyon da daga baya aka sani da WDR, ƙarƙashin shugaban situdiyon, Herbert Eimert.

To a nan nake so mu zauna kaɗan, don nan ne zancen yake.

Wannan situdiyo ba shi da kwamfuta. Kayan da ke ciki galibi na injiniyoyin rediyo ne, waɗanda suke gwada lafiyar layi da su: na'ura mai fitar da sauti guda tsura kamar fito, wata mai fitar da shuuu irin na rediyon da bai kama tasha ba, matatun sauti, da injinan naɗar murya masu zaren tef. Ku san cewa duk sautin da kunnenku yake ji, na kalangu ne ko na algaita ko muryar mutum, ba abu ɗaya ba ne. Sautuka ne da yawa a jere, wani a kan wani, kamar zaren da masaƙi ya haɗa ya fitar da ƙyalle. Shi sauti tsura zare ɗaya ne. Stockhausen ya ce shi ba zai sayi ƙyallen kowa ba, zai saƙa nasa tun daga zare. Aikinsa na 1953, Studie I, da irin waɗannan sautuka tsura kaɗai ya gina shi.

Ga yadda aikin yake. Ya saita na'ura a kan lambar da ya lissafa, ya naɗi sautin a tef. Ya canza lamba, ya naɗi wani. Ya haɗa su a wani injin, ya sake naɗa. Sannan ya ɗauko abin awo da almakashi. Tef ɗin yana gudun santimita 76.2 a daƙiƙa guda, saboda haka in yana son sauti mai tsawon kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, sai ya auna santimita bakwai da rabi da ɗan ɗoriya, ya yanke, ya manna da na gaba. In ya saurara bai yi ba, a sake daga farko. Babu maɓallin komawa baya. Studie II na 1954 bai wuce minti uku da 'yan daƙiƙu ba, amma ku lissafa: minti uku a wannan gudun ya haura mita 130 na tef, kuma kowane guntu a cikinsa sai da hannu ya taɓa shi. Abin da ya ci masa watanni, wayar da ke aljihunka za ta yi shi kafin shayinka ya huce.

Bambancin ku da shi ke nan, kuma ba a kayan aiki yake ba. Shi ya san dalilin kowane sauti da ya fito daga lasifikarsa. Kai kuwa wani a wata ƙasa ya haɗa sautin, ya sa masa suna, kai ka latsa, na kusa da kai ya latsa, na Jos ya latsa, na Kaduna ya latsa. Shi ya sa mutum zai hau adaidaita sahu daga Sabon Gari zuwa Hotoro ya ji waƙa huɗu, ya rantse da cewa mutum ɗaya ne ya yi kiɗansu. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ba na cewa ku zubar da manhaja ku koma almakashi, wannan wauta ce. Cewa nake ka ware dare ɗaya a mako, babu kwastoma, ka ɗauki sauti guda ka murɗa kowane maɓalli har ka gane abin da yake yi masa. Ka fita da wayarka ka naɗo ƙarar turmi, ko ta injin markaɗe, ko guduman maƙera, ka dawo ka rage gudunta, ka juya ta baya, ka ga me za ta zama. Wannan sautin duk duniya kai kaɗai ke da shi.

Wani abu da ya burge ni: yana cikin wannan aiki, sunansa ya fara fita, sai ya koma aji. Daga 1954 zuwa 1956 yana zuwa Jami'ar Bonn wajen Werner Meyer-Eppler yana koyon ilimin furuci, wato yadda wasali da baƙi suke fita daga bakin ɗan Adam. Amfanin karatun ya fito a aikin da har yau aka fi saninsa da shi, Gesang der Jünglinge, wato waƙar samari, wanda aka fara saki a Kolon a watan Mayu 1956. Ya ɗauki muryar wani yaro ɗan shekara 12, Josef Protschka, yana rera kalmomi daga Littafin Daniyel na Baibul, labarin samari uku da sarkin Babila ya jefa cikin tanderun wuta. Ya yayyanka muryar, ya ninka ta har yaro ɗaya ya zama taro, ya cuɗa ta da sautin lantarki yadda wani lokaci ba ka iya cewa ga inda mutum ya tsaya na'ura ta karɓa. Ya rarraba lasifikoki kewaye da masu sauraro don sautin ya riƙa yawo a ɗakin. Minti 13 ne. Ku neme shi ku saurara da abin sa wa a kunne, a zaune, ba kuna latsa waya ba. Mai yiwuwa ba zai yi muku daɗi ba, ni ma karon farko dariya na yi. Amma ku lura da abin da ya yi da muryar yaron, sannan ku tambayi kanku ko abin da kuke yi wa muryoyin mawaƙanku gyara ne ko kuwa rufa asiri.

Daga nan abin ya yi ta faɗaɗa. A wani aikinsa mai suna Kontakte, tsakanin 1958 da 1960, da yake ba shi da na'urar da za ta sa sauti ya zagaya, sai ya ɗora lasifika a kan tebur mai juyawa, ya kafa makirfo huɗu kewaye da ita, yana juya teburin da hannu. A 1963 ya gaji Eimert a shugabancin situdiyon. A baje kolin duniya na Osaka ta ƙasar Japan a 1970, Jamus ta Yamma ta gina masa zaure mai siffar ƙwallo, lasifikoki sama da ƙasa, aka yi kwana 183 ana kiɗansa. Hotonsa yana cikin fuskokin da mawaƙan Ingila na ƙungiyar Beatles suka jera a bangon faifansu na 1967, kuma biyu daga cikin ɗalibansa, Holger Czukay da Irmin Schmidt, su ne suka kafa ƙungiyar makaɗa mai suna Can.

Sai maganar da ta fi damuna da ku, ajiya. Studie II shi ne kiɗan lantarki na farko da aka buga takardarsa. A takardar ya zana komai: kaifi ko kaurin kowane sauti, ƙarfinsa, da tsawon tef ɗinsa a santimita, har mutanen da suka zo bayansa suka bi ta suka sake gina kiɗan a kwamfuta. A 1975 ya kafa kamfanin buga ayyukansa da kansa, daga 1991 kuma ya riƙa fitar da faifansa da kansa daga gidansa na Kürten. Kai fa? Ina aikinka na shekara uku da suka wuce? Yana cikin kwamfutar da ta mutu, ko filashin da aboki ya ara bai dawo da shi ba. Ka yi wa mawaƙi kiɗa, ya ba ka na cefane, waƙa ta zaga ƙasa, babu takarda, ko sunanka babu a jiki. Rubuta yarjejeniya ba rashin yarda ba ne, ko bashi an ce mu rubuta.

Yabon gwani ya zama dole, amma ba zan ce ku bi shi ido rufe ba. Mutumin yana da jin kai. Ya sha faɗi da bakinsa cewa asalinsa daga tauraron Shi'ira yake, a can ya yi karatun kiɗa. A 1995 aka kunna masa ayyukan wasu matasa masu kiɗan lantarki, ciki har da wani ɗan Birtaniya da ake kira Aphex Twin, sai ya ba shi shawara ya daina maimaici irin na Afirka. A nan kam na raba gari da shi. Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ji yadda mai kalangu ke matse tsirkiya yana sassautawa, ganga tana kiran ɗan wasa da kirarinsa, ya san abin da Bature ya ji kamar maimaici magana ce ake yi. Gwani ne a fagensa, amma a wannan kunnensa bai kai ba. Kada ku karɓi rainin kowa a kan abin da kuka gada.

Babban tuntuɓensa kuwa na baki ne. Ranar 16 ga Satumba 2001, kwana biyar bayan harin da aka kai Amurka, yana gaban 'yan jarida a Hamburg, sai ya kwatanta harin da aikin fasaha mafi girma. Ya fito daga baya ya ce an yanke masa zance, shi aikin Shaiɗan yake nufi, wanda yake ɗaya daga cikin taurarin wasanninsa. Bai hana komai ba. Aka soke wasanninsa na Hamburg, 'yarsa Majella, mai kaɗa fiyano, ta fito fili ta nesanta kanta da maganar. Mutumin da ya kwashe shekara hamsin yana auna sauti da santimita bai auna jimla ɗaya ba. Magana zarar bunu ce. Shi sai da aka tara masa 'yan jarida, ku kuwa kowannenku yana kwana da nasa taron a ƙarƙashin matashi, ya farka cikin fushi ya hau TikTok.

Wannan bai sa ya ajiye aiki ba. Tun 1977 yake kan wani gagarumin aiki mai suna Licht, wato haske, wasannin waƙa bakwai, kowace ranar mako da nata, jimlarsu kusan awa 29. A cikinsa ne akwai sashen da masu goge huɗu suke hawa jirage masu saukar ungulu huɗu, kowa da nasa, suna kiɗa a sama ana jiyo su a ƙasa, wanda aka fara yi a Amsterdam a 1995. Sai a 2003 ya kammala Licht, bayan shekara 26. Yana gamawa ya ɗauko wani, Klang, zai yi wa kowace awa ta yini da dare kiɗanta, guda 24. Ya kai 21. Ya rasu a gidansa na Kürten ranar 5 ga Disamba 2007 yana da shekara 79, kuma a daren da zai wayi gari ya cika, sai da ya ƙarasa wani aiki da wata ƙungiyar makaɗa ta Bologna ta ba shi.