Ƙaramar tiyatar ɗame ciki ba ta kowa ba ce

Mata da yawa sun ɗauka ƙaramar tiyatar ɗame ciki daidai take da babbar, sauƙi da araha kawai ta fi ta. Ba haka ba ne. A ƙaramar, fatar da ta saki a mara ake cirewa, ƙasa da cibiya.

Idan goyon ciki ya raba tsoka har saman cibiya, sai babbar: a yanka daga wannan ƙugu zuwa wancan, a ɗinke tsokar, a fito da cibiya ta sabuwar kafa. Tabon ya fi tsawo, jinyar ma haka. Abin da ke damuna, wata za ta zaɓi ƙaramar don gudun tabo, ta warke tumbin sama yana nan. Mai niyyar sake haihuwa kuwa gara ta dakata.