Gashin radiyeshon bayan tiyatar ƙari ba alamar aiki ya ɓaci ba ne

Nan Jidda na sha jin 'yan uwanmu suna cewa, in likita ya cire ƙari sannan ya tura mutum gashi da hasken radiyeshon, to tiyatar ce ba ta yi ba. Maganar tana ci mini rai, kodayake na san tushenta: an ce an cire, to me kuma za a gasa?

Ɗauki misalin sakoma, ciwon dajin da ke fitowa a tsoka ko kitse, wanda bai cika yawa ba. Kusan kashi 1 cikin 100 ne na dajin manya. Yakan bar ƙananan ƙwayoyi a naman da ke kewaye da shi, waɗanda ido ba ya gani. Su ake bi da gashin. Kamar manomi ne da ya tumɓuke ƙaya, ya dawo ya ƙone wurin saboda 'ya'yanta da suka zube.

Sau da yawa tun kafin a shiga ɗakin tiyata aka tsara haɗa biyun. Wani lokaci ma gashin ake farawa da shi, kamar mako 5. A da, ƙari irin wannan a cinya yakan kai ga yanke ƙafa. Wannan haɗin ne ya sa yanzu akasari ake barin mutum da ƙafarsa.