Jirgin da muke bi da gudu a Ƙofar Ƙaura

Ranar da na fara ganin jirgin yaƙi muna makarantar allo ne a Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina. Sai da ya wuce sannan ruguginsa ya iso, kamar aradu da rani. Muka watsar da alluna muka bazama waje, Malam da dorinarsa a hannu shi ma ya ɗaga kai sama. Manya suka ce daga Kano ya taso. Mun yi sati muna lanƙwasa gwangwanin madara da karan dawa muna ƙera namu.

A watan Yuli na kai ɗana Fairford, nan Ingila, inda ake baje kolin jiragen soja duk shekara. Jiragen Red Arrows, tawagar wasan jirage ta sojan saman Birtaniya, suka jeru suna fesa hayaƙi ja da fari da shuɗi. Abin ya ƙayatar, amma ba shi ya tsaya mini a rai ba. Wani matuƙi ne da ya durƙusa yana nuna wa yaron inda ake zuba mai a jirgi, yana amsa masa tambaya ɗaya bayan ɗaya, bai ƙosa ba.

Da dare na kira gida ina ba da labari. Inna ta ce, "Kai dai bari, ɗan nan. Mu yanzu in mun ji jirgi sai mu ce Allah Ya sa lafiya, ko Batsari ce ko Jibiya." Jikina ya yi sanyi. Tun da jiragen yaƙi na Super Tucano suka iso Najeriya a 2021 yaran gida sun fi mu ganin jirgin yaƙi, amma abin da suka sani game da shi ƴan bindiga ne da daji.

Ban raina aikin sojojinmu ba, da ransu suke fita. Sai dai rundunar sojan saman Najeriya da aka kafa tun 1964, ga ta da sansani a Katsina da asibiti a Daura, me zai hana ta ware yini guda a shekara ta buɗe ƙofa? A ajiye jirgi ɗaya a ƙasa, a kawo ƴan firamare da almajirai su taɓa shi da hannunsu, matuƙi Bahaushe ya faɗa musu wace makaranta ya yi da kuma darussan da suka kai shi nan. Ko ranar hawan Sallah aka haɗa da shi, yara za su cika filin.