Masu cewa a watsar da maganin damuwa suna wasa da rayukan mutane

Tun da Farfesa Joanna Moncrieff, likitar ƙwaƙwalwa a Birtaniya, da abokan aikinta suka fitar da bitarsu ta binciken kimiyya a watan Yulin 2022, inda suka ce babu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa ƙarancin sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa ne ke haddasa ciwon damuwa (depression), wasu masu surutu a kafafen sada zumunta suka samu abin yi. Har yau suna nanata cewa an yaudari duniya, magungunan damuwa ƙarya ne, kowa ya watsar da nasa. Wannan shawara ce mai cutarwa, kuma masu ba da ita ba sa nan idan ta ɓaci.

Bitar ta duba musabbabin ciwon ne kawai. Ko maganin yana aiki, wannan wata tambaya ce, kuma an amsa ta tun 2018, lokacin da Andrea Cipriani da tawagarsa suka tattara gwaje-gwaje 522 a kan magunguna 21. Dukkan magungunan sun fi ƙwayar da babu magani a cikinta amfani, duk da cewa tazarar ba ta kai yadda kamfanoni ke kambamawa ba. Masu cewa ai likitoci sun daɗe da sanin labarin serotonin bai cika ba, su ma ba su wanke kansu ba, domin shekaru aka yi ana faɗa wa marasa lafiya shi a ɗakin duba.

Abin da ya kamata a tayar da jijiyar wuya a kansa shi ne yadda ake daina shan maganin. Wanda ya yanke maganin damuwa irin paroxetine ko venlafaxine a rana ɗaya, cikin kwana biyu zuwa uku yana iya fara jiri, tashin zuciya, rashin barci, mafarkai masu firgitarwa da wani ji kamar lantarki na tsarga masa a kai. Dalili kuwa waɗannan biyun suna fita daga jini da sauri. Fluoxetine yana daɗewa a jiki, shi ya sa nasa yakan zo da sauƙi. Wani babban nazari na 2024 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 15 cikin ɗari na masu dainawa ne ke samun alamomin da dainawar ta jawo, kimanin kashi 3 kuma nasu yakan yi tsanani.

Inda ake yawan kuskure shi ne a ƙarshen tafiya. Miligiram 20 na citalopram yana toshe kusan kashi 80 cikin ɗari na wuraren da maganin ke kamawa a ƙwaƙwalwa, amma miligiram 5 kacal har yanzu yana riƙe da kusan kashi 60. Sauka daga 20 zuwa 10 ƙaramin mataki ne, sauka daga 5 zuwa sifili kuwa faɗuwa ce daga bisa. Don haka masu bincike Mark Horowitz da David Taylor suka ba da shawara a 2019 cewa a riƙa ƙanƙanta ragin yayin da ake kusantar ƙarshe, da maganin ruwa idan ƙwayar ta ƙi rabuwa, ana barin makonni tsakanin mataki da mataki.

Wani abin takaici kuma, sau da yawa ana ɗaukar alamomin dainawa a matsayin dawowar ciwon, sai a mayar da mutum kan maganin na wasu shekaru. Alhali ana iya bambancewa: na dainawa suna zuwa cikin kwanaki, da jiri da wannan tsargawar, kuma suna lafawa da wuri idan aka koma adadin baya. Dawowar ciwon takan ɗauki makonni tana taruwa.

Duk likitan da zai rubuta maganin nan ya kamata tun ranar farko ya bayyana cewa ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an samu sauƙi, ya kuma faɗi yadda za a sauka. Kamfanoni su samar da ƙananan adadi. Masu ihun a watsar kuma su daina ba wa mutanen da ba su taɓa gani ba umarni a kan maganin da ba su san yadda yake barin jiki ba.