Ƙauyen da jirgin ƙasa ya haifa: wa ya kwashe mutanensa?

A gundumar Boyd da ke arewacin jihar Nebraska a Amurka akwai wani ƙauye da ake kira Monowi. An yanka filayensa a 1902, lokacin da layin dogo ya iso wurin. Ƙidayar 1930 ta tarar da mutum 123 a cikinsa. A ta 2000 saura biyu, miji da mata. Mijin ya rasu a 2004, ya bar matar ita kaɗai: ita ce magajiyar gari, ita ce magatakarda, ita ce ma'aji, kuma ita ke kula da ɗakin karatu mai littattafai kusan 5,000 da maigidan ya bari.

Duk wanda ya ji wannan labari, hukunci ɗaya yake yankewa, wai jirgi ne ya kawo su, da jirgi ya daina zuwa kowa ya kama gabansa. Ni ban gamsu da wannan bayani ba, domin lissafin shekarun bai goyi bayansa ba.

Irin waɗannan ƙauyuka ba su tashi yadda gari ya saba tashi ba, inda mutane kan ga ruwa ko mahaɗar hanyoyi su sauka, zuri'a ta yaɗu. Kamfanin jirgi ne ke zana su a takarda kafin a kafa ko bukka. Akan jera tashoshi kusan kowane mil bakwai zuwa goma, saboda injin tururi yana buƙatar ruwa akai-akai, kuma manomi mai keken doki yana son ya kai hatsinsa tasha ya koma gida kafin dare. Har sunayen ma a ofis aka raɗa wasu. A kan layin kamfanin jirgi na Burlington a Nebraska, garuruwa sun jeru bisa tsarin haruffa: Crete, Dorchester, Exeter, Fairmont, Grafton, Harvard, har zuwa Lowell. Gwamnati kuma ta samar da masu zama ta hanyar dokar 1862 da ta ba mai niyyar noma eka 160, a ƙasar da aka raba 'yan asalin yankin da ita, abin da masu kewar zamanin da ba su cika son ambata ba.

Ke nan ƙauyen yana tsaye ne kan abu biyu: gajeren zangon doki, da gonaki ƙanana masu cin hannu da yawa. Kowace gona iyali guda, kowane iyali yara a makaranta, masu saye a kanti, masu ajiya a banki. Su ne suka cika ƙauyen, ba fasinjojin jirgi ba.

Tsakanin 1930 da 1950 mutanen Monowi sun ragu daga 123 zuwa 67, kusan rabi, alhali dogo na nan shimfiɗe, jirgi na wucewa. Abin da ya canza a gona yake. Farin shekarun 1930 da karyewar tattalin arziki sun kori wasu. Tarakta ta maye gurbin doki, mutum guda ya koma noma abin da iyalai da dama ke nomawa, ya sayi gonakin maƙwabta. A 1935 Amurka na da gonaki kusan miliyan 6.8, yau wajen miliyan biyu ne. Sai ga mota da kwalta. Wanda zai iya cin mil talatin cikin ƙasa da awa guda, me zai tsayar da shi a ɗan kantin ƙauye? Injin dizal ma da ya yaɗu bayan yaƙin duniya na biyu bai buƙatar tsayawa shan ruwa, sai ma'aikatan tasha suka bi sahu.

Ba na musun cewa cire dogo yana ciwo. Ranar da jirgi ya daina tsayawa, rumbun hatsin da ke bakin tasha ya rasa amfaninsa, da shi da ayyukan da yake riƙe da su. Akwai ma wuraren da jirgi ne kaɗai dalilin zama, kamar Cook a hamadar Nullarbor ta Ostareliya, wanda aka kafa a 1917 don hidimar layin, ya kuma kusa zama kufai bayan an sayar da harkar ga 'yan kasuwa a 1997. Amma Cook sansanin ma'aikata ne, babu manoma kewaye da shi. A ƙauyen noma, kamfani kan cire dogo ne bayan kaya sun yi ƙaranci, kaya kuwa sun ragu ne saboda manyan motoci sun ɗauke su, masu saye kuma sun riga sun tafi.

Shi ya sa nake ɗari-ɗari da masu cewa a maido da jirgi ƙauyuka su farfaɗo. Jirgin kaya na yau mai taragu ɗari yana lodi ne a babban rumbu guda da ke tara hatsin gundumomi, ya wuce ƙananan tashoshi ba tare da ya rage gudu ba. Garuruwan dogon da suka tsira galibi waɗanda suka sami wani aiki na biyu ne: hedikwatar gunduma, asibiti, kwaleji, ko masana'antar sarrafa nama. A nan ya kamata mai son ceto ƙauye ya sa kuɗinsa.

Ƙidayar 2020 ta ce mutanen Monowi sun ƙaru zuwa biyu. Babu wanda ya tare. Hukumar ƙidaya ce ta ɓullo da dabarar ɗan jirkita alƙaluman ƙananan wurare don ɓoye sirrin mazauna, sai dabarar ta ƙago wa magajiyar gari maƙwabcin da ita kanta ta shaida wa manema labarai ba ta taɓa ganinsa ba.